Yadda Dankali Ya Shiga Burodina

Jiya Zulai ta nuna mini wata mata a waya. Ta zuba fulawa a kwano, ta kwaɓa, ta rufe, ta buɗe, ta tura cikin na'urar gashi ta lantarki, sai ga burodi ya fito jawur, ko tabon hayaƙi babu. Kuka haɗa baki kuka ce ashe abin babu wuya. Ni ban ce matar nan ƙarya take yi ba. Amma ba a nuna muku ranar da kwaɓinta ya ƙi tashi ba, kuma ba na jin a Daura take zaune, inda wutar lantarki takan leƙo ta gaishe mu ta koma. Tunda kun ce kuna son koyo, ku gyara zama in ba ku labarin yadda na samu tawa sana'ar. Tun Bilki, uwar Zulai, tana goye a bayana nake gasa burodi a tsakar gidan nan.

Wanda ya koya mini shi ne Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata. Tun yana saurayi yake aiki a wani gidan burodi a Kano, har hannuwansa suka fara karkarwa, ya kasa riƙe faranti, ya dawo gida. A lokacin kakanku Malam Habu ɗinki yake yi, shi kuwa ɗinki sai sallah ta matso yake da kuzari. Sauran watanni sai a yi ta lallaɓawa. Ina neman abin da zan riƙa yi a cikin gida, amma layinmu ya cika da masu ƙosai da masu waina.

Wata rana Kawu ya zo gaishe mu, Malam ya sayo masa burodi a bakin titi aka haɗa masa da shayi. Ya gutsura, ya sunsuna, ya matse shi a tafin hannu, sai burodin ya koma kamar ƙullin auduga.

Ya ce, "Habu, iska aka sayar maka." Sannan ya juyo gare ni. "Hansai, kina da babbar tukunya mai murfi?"

Na ce ina da ta aurena, wadda ban taɓa ɗorawa ba.

"To, ki sa a ɗebo miki yashi mai tsabta. Ki tara gwangwanayen madara da na tumatir. Jibi ina nan tafe."

Da wannan na fara. Ban sayi komai ba sai fulawa 'yar kaɗan, da yis, da suga. Gishiri da man gyaɗa ina da su. Yashin na wanke shi na shanya, na shimfiɗa a gindin tukunya. Gwangwanayen Malam ya bubbuge bakinsu da guduma don kada su yanke ni, na wanke, na shafe cikinsu da mai.

Kawu ba ya iya taɓa aikin, sai dai ya zauna a tabarma ya jingina da bango yana kallo. Ruwan da za a jiƙa yis, sai na kai masa ya tsoma yatsa. Ya ce ɗuminsa ya zama kamar na wankan jariri. In ya fi haka yis ya mutu, in bai kai ba ya yi ta barci. A sa masa ɗan suga a jira sai ya yi kumfa. Gishiri kuwa a gauraya shi cikin fulawa tukuna, kada a zuba shi kai tsaye a kan yis. Duk wannan mai sauƙi ne. Inda aikin yake shi ne murza. Na durƙusa a gaban kwano ina turawa da gindin hannu, ina naɗowa, ina sake turawa, Bilki tana bayana tana rangaji har ta yi barci. In na ga ya yi sumul sai in ɗago in dubi Kawu. Ya ce in tsinko masa kaɗan. Ya ja shi a hankali da yatsunsa masu rawa, ya ɗaga wajen haske. In ya yage, sai ya miƙo mini abina.

"Bai yi ba. Koma."

Na koma har kafaɗuna suka daina jin nawa ne. Sai da kwaɓin ya miƙe siriri, haske na ratsa shi bai yage ba, sannan ya ce in shafa masa mai in rufe.

Gashin farko ya ƙone ta ƙasa ƙurmus, samansa fari fat, cikinsa kuwa ɗanye. Na so in zuba wa awaki kafin kowa ya gani. Kawu ya ce in kawo. Ya kankare baƙin da wuƙa, ya ci wajen rabi yana taunawa a hankali, kamar mai sauraron wani abu.

Ya ce, "Gishirin ya yi daidai. Gobe ki ƙara kaurin yashi, ki rage wutar ƙasa, ki ɗora garwashi a kan murfi. Burodi ta sama da ta ƙasa yake son wuta."

Haka muka yi ta yi. Shi ya koya mini gwada zafi ba tare da wata na'ura ba: a barbaɗa fulawa a murfin gwangwani a sa cikin tukunya. In ta yi ja a hankali, wuta ta yi. In ta yi baƙi nan take, a janye itace. Shi ya koya mini ƙwanƙwasa gindin burodi da yatsa. Wanda ya gasu yana amsawa kamar ƙwarya, wanda bai gasu ba shiru yake yi. Bai taɓa ce mini na iya ba. Ranar da ya cinye guda ya miƙo hannu a ba shi na biyu, ranar na san na kama hanya.

Mai sayena na farko, kuma wanda ya fi kowa daɗewa da ni, shi ne Malam Ya'u mai shayi. Teburinsa yana tashar da motocin Kongolam, can bakin iyaka, suke lodi. Kakanku ne ya kai masa guda biyu ya ɗanɗana. Da yamma sai ga sallamarsa a zaure, na tsaya daga bayan labule muka gaisa.

Ya ce, "Maman Bilki, ni abu biyu nake nema a burodi. In na yanka shi na sa wainar ƙwai, ya riƙe kada ya farfashe. In direba ya tsoma shi a shayi, ya fito da abinsa, kada rabi ya zauna a kofi. Naki ya yi duka biyun. Kullum za ki iya?"

Na ce zan iya, ko da yake a ranar ban san ta yaya ba. Tukunya ɗaya ba za ta ciyar da tasha ba. Na yi watanni ina gasawa zubi-zubi tun hantsi har la'asar, kafin muka samu tsohuwar gangar mai. Aka ƙone cikinta sarai, mai walda ya kwantar da ita a kan ƙafafu, ya yanka mata ƙofa, ya sa mata ragar ƙarfe hawa biyu. Kawu ya sa aka shafe bayanta da jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa don ta riƙe zafi. Ita ce wannan da kuke gani a gindin bango, an dai sha yi mata faci. Kawu ya ga gashinta na damina ɗaya da rani ɗaya, sannan Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa.

Abin da waya ba za ta gaya muku ba shi ne kwaɓi yana da hali, kuma halinsa yana bin yanayi. Da bazara, zafin garin nan yana sa shi tashi kafin ki gama wanke hannu. Akwai wata shekara da aka ba ni aikin suna, na kwaɓa babban baho, na ce bari in leƙa maƙwabta in yi barka in dawo. Hira ta ɗan ja. Ina dawowa na tarar ya ture faifai, ya gangaro ta gefe, kaji sun kewaye shi, yana tsami kamar kunun da ya kwana. Sai da na sake sabon kwaɓi, na yi ta ba masu suna haƙuri. Tun daga nan, in ana zafi, da ruwan randa nake kwaɓawa, in rage yis, kuma ba na fita ko ƙofar gida. Da sanyi kuwa sai ki lulluɓe shi da bargo, ki ajiye kusa da murhu, ki yi ta lallashinsa. Da damina fulawa tana shan danshi, ruwan da kika saba zubawa sai ya yi yawa, itace kuma ya yi ta hayaƙi, in ba ki kula ba burodin ya ɗauki wari.

Ita kuma sana'ar mai ƙaramin ƙarfi, ribarta a abin da ba ki zubar ba take. Bota sai aikin biki. Na kullum man gyaɗa ya isa. Kowane kwaɓi nakan tsinki ɗan curi in ajiye a wuri mai sanyi, gobe in haɗa da sabo, sai ya rage mini yis ya kuma ƙara ƙamshi. In na sauke burodi ganga tana da sauran zafi, sai in zuba gyaɗa ta gasu a ciki. Wanda ya karkace ko ya tsage ba ya zuwa tasha, shi ne karin kumallon gidan nan. Iyayenku sun girma ba su san burodi yana da siffa mai kyau ba sai a kwalin Malam Ya'u.

Haka muka yi ta tafiya shekara da shekaru. Kullum da la'asar Malam ya ɗaure kwali a bayan keke ya kai tasha. Aka aurar da Bilki da ƙannenta, ganga tana hayaƙi.

Sai shekarar da fulawa ta hau. Wasunku za su tuna, ba a daɗe ba sosai. Farashin safe daban, na yamma daban. Suga ya bi bayanta, man gyaɗa ma haka. Zirga-zirgar bakin iyaka ta tsaya, motocin Kongolam suka ragu, direbobi suka koma zaman benci. A daidai wannan lokaci idon Malam ya yi rauni, zare ba ya shiga masa allura, keken ɗinki ya koma wurin ajiye kaya. Gidan nan kaf a kan ganga ya dogara.

Na fara da rage girman burodin. Masu shayi suka yi ƙorafi. Na mayar da girman na ƙara kuɗi, sai kwali ya riƙa dawowa da rabi. Na yi ta juyawa har na ga kullum in na gasa, cin jarin nake yi. Sai na kashe wuta. Ganga ta yi sanyi har wata kaza ta samu wuri ta fara ƙwai a ciki.

Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya shigo layinmu da kurarsa, ya hango ta ta ƙofa, ya aiko a tambaya ko ta sayarwa ce. Hatsinmu ya kusa ƙarewa. Na ce a gaya masa ya dawo wani makon.

Kafin makon ya zagayo Malam Ya'u ya zo. A lokacin mun tsufa duka, na fito zaure muka zauna, kakanku yana gefe. Ya ce ya koma karɓar na babban gidan burodi, ga shi ƙato a ido, amma ana tsoma shi a shayi yake narkewa. 'Yan mutanen da suka rage masa sun fara komawa wajen mai koko.

Ya ce, "Maman Bilki, ba matsa miki na zo yi ba, na san halin da ake ciki. Amma in kin daina ke nan, ki gaya mini gaskiya, don ni ma in san inda zan kai teburina. Bakuna tara ne a gidana."

Na ce masa ni ma ban yanke shawara ba tukuna. Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya yi sallama.

Ana cikin haka ƙanwata Ladi ta zo daga Sandamu da buhun dankalin Hausa. Mijinta ya yi shi da yawa a fadama a shekarar, ya yi kyau, amma babu masu saye da daraja. Ta ce gara mu ci da ya ruɓe. Muka ci dafaffe da safe, muka ci da ƙuli da rana, da dare ma shi ne. Wata safiya Malam yana ci ya ce, "Wannan dankalin na Ladi ko suga aka zuba masa sai haka." Ina riƙe da guda a hannuna, na matse shi da yatsa, na ga yadda ya yi laushi yana danƙo. A ƙasan buhu ina da sauran fulawa da ba ta kai a kira ta jari ba. Na tashi na kori kazar nan, na kwashe ƙwanta na sa mata a kwando.

Ladi ta ce, "Yaya, me za ki yi?"

Na ce, "Dankalinki zan sa a burodi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Kuma gashin farko ya ba ta gaskiya. Na yi rabi fulawa rabi dankali, abin ya ƙi tashi, ya fito da nauyi, cikinsa kamar tuwon da bai nuna ba. Ladi ta ɗaga guda ta ce a ajiye shi a riƙa tokare ƙofa. Washegari na rage dankalin, amma na manta shi ma da ruwansa yake zuwa, kwaɓin ya yi ta manne mini a hannu, burodin ya baje a gwangwani. Kowane gwaji fulawa yake ci, ita kuwa tana ƙarewa. Na ga Malam ya ɗaga buhun ya jijjiga ya ajiye.

A na ƙarshe sai na zauna na yi tunani kafin in taɓa komai. Maimakon in dafa dankalin cikin ruwa, na turara shi a madambaci. Na murje shi ta rariya tun da zafinsa don kada a samu gudaji, na bar shi ya huce. Na sa shi kamar kashi ɗaya, fulawa kashi biyu da ɗan ɗori. Suga ɗan kaɗan na sa, na yis kawai. Ruwa kuwa da tafin hannu na riƙa yayyafawa. Na murza shi fiye da yadda na saba, don fulawar ce za ta ɗauki nauyin baƙon da aka haɗa ta da shi. Ya tashi a hankali, amma ya tashi. Da na sa a ganga na lura yana saurin yin ja saboda zaƙin dankali, sai na janye itace na bar shi da garwashi.

Ana cikin gashi mai ƙarafa ya dawo da kurarsa. Malam ya fita ya same shi, ina jin su daga ciki.

"Na zo ɗaukar gangar, Baba."

"Ka yi haƙuri, ɗana. Da wuta a cikinta, ba ta ɗaukuwa."

Na sauke, na ƙwanƙwasa gindin guda, ya amsa. Na ɓare shi, cikinsa ya ɗan yi ruwan ƙwai, yana tururi, na danna da yatsa ya dawo. Ladi ta karɓa ta ci, ta ƙara, ba ta sake maganar tokare ƙofa ba.

Da la'asar Malam ya tura keke zuwa tasha, don a lokacin ya daina hawa. Na ce masa lallai ya gaya wa Malam Ya'u abin da ke ciki, kada a ce na yi wa mutane algus. Malam Ya'u ya ce za a faɗa, amma a bari su ci tukuna. Akwai wani tsohon direba, Alhaji Mamman, wanda ya sha cin dogon burodin nan na tsallaken iyaka, kowane burodi aka ba shi sai ya samo masa aibi. Shi aka fara yanka wa. Kakanku ya ce yana zaune a ƙarshen benci yana kallo.

Alhaji Mamman ya tsoma a shayi, ya ɗaga ya duba, ya ci. Ya sake tsomawa. Sai da ya cinye sannan ya ce, "Ya'u, matar tela ta dawo aiki ke nan?"

"Ta dawo, Alhaji. Amma ta ce a gaya maka, da dankali a ciki."

Ya tsaya da kofi a hannu, ya dubi Malam Ya'u, ya dubi ɓurɓushin da ke gabansa.

Ya ce, "Da ka faɗa tun farko da ban ci ba. Ƙunsa mini biyu, gobe ina da tafiya."

Da ya dawo daga tafiyar shi ya riƙa gaya wa mutane cewa burodin ya kwana biyu a mota bai bushe ba. Ba kowa ne ya karɓa ba. Akwai waɗanda suka ce su ba za su sha shayi da dankali ba, suka tafi, wasu ba su dawo ba har yau. Amma fulawar da take yi mini kwali biyu ta koma yin uku, suga ya kusa fita daga lissafi, na iya sayarwa a farashin da direba mai zaman benci zai iya. Mijin Ladi ya riƙa ɗoro mini buhu a motar Sandamu. Ba mu yi arziki ba a shekarar, amma ba a kwana da yunwa a gidan nan ba, teburin Malam Ya'u kuma bai tashi daga tasha ba.

Da aka kwana biyu abubuwa suka ɗan lafa, motoci suka dawo hanya, na samu na sayi buhun fulawa cikakke, karo na farko bayan tsawon lokaci. Dankali kuma ya ja baya a kasuwa. Na ce to, yau zan yi wa mutanen tasha burodi na gaske, su san ban manta ba. Fulawa zalla, suga yadda ya kamata, har da bota na sa. Ya fito fari tas, ya tashi har ya haura bakin gwangwani. Ni da kaina na jera shi a kwali.

Washegari da hantsi sai ga sallamar Malam Ya'u. Na fito na same shi a zaure da kwalin a gabansa, fiye da rabi yana ciki. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa dawo mini da burodi da hannunsa ba.

Na ce, "Lafiya, Malam Ya'u? Tsami ya yi?"

Ya sosa ƙeya. "Bai yi tsami ba, Maman Bilki. Cewa suka yi wannan ba hannunki ba ne. Alhaji Mamman ya tara mini mutane, wai na koma saye a wani gida ina fakewa da sunanki. Na rantse, sun ƙi yarda. Sun ce in dai ke ce, a kawo musu nasu mai dankali."

Na tsaya ina kallon burodin nan, mafi kyawun da na gasa a shekaru. Da na waiga sai na ga Malam yana laluben takalminsa a bakin ƙofa.

Na ce, "Ina kuma za ka?"

Ya ce, "Wajen motocin Sandamu, in aika wa Ladi. Ke dai ki wanke madambaci."